Jikata a Kwalba, Ruwa a Hannuna

Talata, da hantsi

Malama ta haihu. Mace ce. Na zama kaka.

Da wannan na tari duk wanda na gamu da shi tun daga ƙofar asibiti har gida, ko ina kwana ban ce wa kowa ba. Mai shagon bakin layinmu ya ce, "Mai Famfo, yau gaisuwar ma an sallame ta daga aiki ne?" Na ce a bar gaisuwa sai gobe, yau jika gare ni. Rubutun nan ma sai hawa da sauka yake a kan layi. Malamin ajin yamma da na shiga bayan furfura ta fara leƙo ni ya ce mu riƙa rubuta abin da ya faru kullum don kada hannu ya manta. Na daɗe ina rubuta famfon wa na gyara, ruwa ya zo ko bai zo ba. Sai yau na samu abin rubutawa.

Malama 'yata ce, ita kaɗai ce a hannunmu. Tun tana firamare take zama kusa da ni tana duba mini aikin gida na ajin yamma, tana yi mini gyara da jan biro, shi ya sa sunan ya bi ta. Yanzu kuwa malamar ce ta gaske, kimiyya take koyarwa.

Yarinyar ta zo tun lokacinta bai yi ba. Bakwaini ce, sun sa ta a kwalba. Ta gilashin taga na hango ta, tafin hannuna biyu sun ishe ta wurin kwana. Na sa mata 'Yar Gaggawa. Likita ya ce a yi haƙuri a gani. Ai kullum haka suke cewa.

Laraba, da yamma

Ɗakin jarirai yana da doka: uwa, sai mutum ɗaya kawai. Mijin Malama yana can yana aiki a jirgin ruwa, ba a sake shi ba tukuna. Kowa ya ɗauka Mama za ta zaɓa. Mama matata ce, haka kowa yake kiranta har ni. Sai Malama ta zaɓe ni.

Mama ta ɗauki kwanuka ta fita wai za ta ɗauraye, alhali a wanke suke. Malama ta ce in jawo kujera.

"Baba, na san abin da ke cikin littafin koyarwarku, ni na taya ka haddace shi. In jariri yana bakin mutuwa kowa ma zai iya yi masa baftisma, ba sai Fada ba. Ruwa ne da kalmomi."

Na ce wa ya yi maganar mutuwa.

"Ba wanda ya yi. Ka yi mini alkawari ba za ka zuba mata ruwa ba. In ta girma ta ce tana so, ni zan raka ta har ƙofar coci. Amma ba a bayan idona ba."

"Mama fa?"

"Mama ba za ta yi alkawarin ba. In ta yi ma ba za ta iya riƙewa ba. Kai kana riƙewa."

Malama ta daina zuwa coci tun tana jami'a. Ba wani cocin ta koma ba, ba wani addini ta shiga ba. Cewa ta yi ita ba ta ga alamar akwai kowa a can ba. Mun yi kuka, mun yi faɗa, muka gaji, muka shafe maganar kamar bututun da ya tsage a cikin bango aka bi shi da siminti.

Na yi alkawarin. Ina cikin murna, da shagona ta roƙa har da kayan aikin, da na ba ta.

Alhamis, bayan azahar

Na shiga. Sai ka cire agogo da takalmi, ka sa koriyar riga ta asibiti, ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka goge da takarda. Famfon wurin yana ɗiga, robar ciki ce ta cinye. Nas ta ga ina murɗa kansa ta ce, "Baba, ba gyara ka zo ba."

Kwalbar tana da 'yan tagogi biyu da ake zura hannu. Bututu a hancinta, bututu a bakinta, wani a cibiya. Tun ina saurayi nake bin bututu, na san inda kowanne ya fito da inda za shi. Waɗannan ban san ko ɗaya ba. Nas ta ce kada in shafa ta, fatar ba ta yi ƙwari ba, in ɗora hannu kawai in bar shi. Na ɗora. Ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka kamar na ɗan tsako.

A bencin waje na yi aboki, wani dattijo tela. Jikansa namiji ne, kwalbarsa tana kusa da tamu. Carbi a hannunsa, carbi a nawa, sai dai ba iri ɗaya ba, ba addini ɗaya ba. Ya ce, "Taka ce mai jar hular nan? To mun riga kowa, na yi wa abokina kamu."

Na ce sai ya fara samun aiki tukuna.

Ya ce, "Mutumin da ke da gidan gilashi, wuta ba ta ɗaukewa, shi kake wa maganar aiki?"

Mun yi dariya har aka leƙo aka ce mu rage murya.

Juma'a, da safe

Ina sa riga na ji abu a aljihu. 'Yar robar ruwa mai tsarki ce, Mama ta sa mini. Na ce ba a shiga da komai. Ta ce, "Na famfo ma ya isa, da bakinka ka karanta mana." Ta juya mini baya tana ninke zanen da ta riga ta ninke. "Wancan karon ba mu sani ba, Maigida. Zama muka yi muna jiran Fada. Yanzu ka yi karatu, ka sani."

Ba zan rubuta maganar wancan karon ba.

Juma'a, da yamma

Mama ba ta ce mini sannu da zuwa ba. "Ka yi?" Na ce yarinyar ta sha nono ta bututu, bai dawo ba. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba.

Asabar, da rana

Na goge hannuna har ya bushe ƙarau kafin in shiga. Nas ta ce ba ta taɓa ganin mai cin takarda irina ba.

Lahadi, bayan an tashi daga coci

Ni na yi karatun farko. Don wannan na shiga ajin yamma tun farko, don in tsaya gaban jama'a in karanta da idona, ba a karanta mini ba. Fada ya sanar, coci gaba ɗaya aka yi wa 'Yar Gaggawa addu'a. Na ji sanyi a raina, na ɗauko sanyin nan na kai wa Malama. Na same ta zaune a bakin gado, ta gama tatsar nonon da za a kai ɗakin jarirai.

Ta ce, "Ka gode musu, Baba, da gaske nake. Amma in tambaye ka. In ta rayu me za ku ce?"

"Allah ya amsa."

"In ba ta rayu ba fa?"

Na ce ta bar wannan maganar.

"Za ku ce Allah ya fi mu sonta. To wane abu ne zai faru ku ce addu'ar ba ta yi aiki ba? In ka gyara wa mutum famfo, ruwa ya zo ka ce aikinka ne, bai zo ba ka ce haka ya fi masa alheri, zai sake kiranka?"

Na ce Allah ba mai gyaran famfo ba ne.

Ta ce, "Shi ya sa na fi yarda da kai." Ta yi dariya, ɗinkin cikinta ya ja ta, ta dafe.

A cikin mota wata amsa mai kyau ta zo mini. Kafin in iso gida ta zube.

Litinin, da la'asar

Hannuna yana kan yarinyar na'ura ta fara ƙara. Ƙirjin ya tsaya. Leɓenta ya sauya kala. Nas ta ture ni da kafaɗa, ta zura hannu tana murza mata tafin ƙafa tana cewa, "Ke, malalaciya, tashi." Na ja baya har na jingina da wurin wanke hannu. Ɗigon famfon yana sauka a bayana, ina jin kowanne. Tsakanina da yarinyar bai kai tsawon gado ba.

Ta ja numfashi. Nas ta ce bakwaini sukan manta su shaƙa, sai an tuna musu. Ta faɗe shi kamar mai cewa an manta makulli.

Na sa hannuwana a hammata na matse har na fito.

Talata, da yamma

"Ka yi?" Ban yi ba.

Laraba, da hantsi

To bari in rubuta shi sau ɗaya, in huta. Kafin Malama mun haifi namiji. Da safe ya zo, bai kwana ba. Fadan wancan lokacin yana wani gari, kafin ya iso an gama. Mutumin kirki ne, ya riƙe hannun Mama ya ce yaron ba zai sha azaba ba, sai dai tunda ba a yi masa baftisma ba, ba zai ga fuskar Allah ba. A jikin shingen maƙabarta aka binne shi, ba cikin layin mutane ba.

Yau na je wurin Fadanmu na yanzu. Yaro ne, na same shi yana fama da babur ɗinsa, hannu duk baƙin mai. Na gaya masa komai, na da da na yanzu. Ya goge hannu ya zauna a kan dakali.

"Baba, ba a koyar da haka yanzu. Dama can ba tabbatacciyar koyarwa ba ce, fahimtar malamai ce. Abin da muke cewa shi ne muna miƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah, muna sa rai."

"Tun yaushe?"

"An ɗan daɗe."

"Ba wanda ya zo ya gaya wa matata."

Ya sunkuyar da kai. Bai kare kowa ba, na ba shi wannan. Na ce to in zuba ko kada in zuba. Ya ce in abin ya kai maƙura an yarda a yi. Ya ce shi ba zai ce in karya alkawari ba, ba zai kuma ce in bari ba, Allah bai ɗaure kansa da ruwa ba. Ya yi mini addu'a. Na je da kaya a ka, na dawo da su, an ƙara mini ɗaya.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Mama, ina tsammanin za ta ji sauƙi. Ta ce, "Wannan Fadan da na sani yana yawo ba wando? Gobe wani ya zo ya sake juyawa. Da sa rai zan aika jikata? Ka zuba, Maigida. In bai yi amfani ba, me aka rasa?"

Na gaya wa Malama ita ma. Ba ta yi murnar ta ci ni ba. Ta ce, "Ka tuna abin da malamin ajinku yake sa ku tambaya in kun karanta labari? Wa ya faɗa, a ina ya ji. Tsohon Fada a ina ya ji an rufe ƙofa? Sabon a ina ya ji an buɗe? Cikinsu wa ya je ya dawo? Tun ina ƙarama nake jin kukan Mama ta bango, Baba. Ban san a kan me ba sai da na girma."

Na ce baftisma wanke zunubi ce, ba maganar ƙofa kaɗai ba.

"Jeka ka dube ta ka gaya mini wane zunubi za a wanke. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi."

Na je na dube ta.

Juma'a, da rana

Kowane jariri an ɗaura masa 'yar roba a ƙafa da sunan uwarsa, don kada a musanya. Na zauna ina kallon ta ƙafar tamu da ta ƙafar jikan Tela. Da za a yi kuskure a musanya, tamu ta tashi a gidansa tana addu'a irin tasa, ta rantse ita ce gaskiya. Nasa ya tashi a gidana ina koya masa tawa. Ni uwata ce ta koya mini, shi ubansa. Ba wanda ya zauna ya gwada ya zaɓa. Yadda ya tabbata haka na tabbata.

Wannan ba Malama ce ta faɗa ba. Ni na faɗa wa kaina, amma da muryarta na ji shi.

Tela ya kawo 'yan huluna biyu da ya ɗinka da ragowar yadi mai laushi, ɗaya ta abokinsa, ɗaya ta tamu. Ya ce kayan lefe ne, in karɓa kafin ya fasa.

Asabar, da la'asar

Kwalbar da ke kusa da tamu an kashe mata wuta, an goge ta tas.

Na sami Tela a benci, carbin yana hannunsa bai tsaya ba. Na zauna. Na buɗe baki in ce masa Allah ya fi mu sonsa, sai maganar ta maƙale. Shi ya faɗa da kansa, na ce amin. Da zai tashi ya karɓi wayata ya sa lambarsa.

"Mai Famfo, ran da taku za ta fita ka kira ni. Ina so in ga an fito da ɗaya daga ɗakin nan fuska a buɗe."

Ban taɓa ganin leɓensa a tsaye ba tun da na san shi. Ya fi ni roƙo nesa ba kusa ba. Kuma jikansa ba a zuba masa ruwa ba, ba za a taɓa zubawa ba. Yana ina yanzu? In na tambayi tsohon Fada na san amsa. In na tambayi sabo, sa rai.

Lahadi, da safe

Na aika wa katikis, mai koyar da addini a cocinmu, cewa maƙogwarona yana ciwo, wani ya yi karatun. Maƙogwarona lafiya lau.

Litinin, da yamma

Na ja carbi daga farko har ƙarshe. Yatsu sun yi aikinsu. Ban san ko akwai mai ji ba.

"Ka yi?" Ban yi ba.

Talata, da rana

Cikin yarinyar ya kumbura. Sun tsayar da nono, sun ƙara wani bututu a hannu. Wai ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Nas ɗin nan mai tsiya yau ba ta tsokane ni ba.

Laraba, da magariba

Likita ya kira mu ɗakinsa, ya ba mu kujera. Ban taɓa ganin ya ba kowa kujera ba. Ya yi magana mai tsawo, abin da na riƙe shi ne a kira mijin Malama a waya yanzu, kada a bari sai gobe.

Da muka fito Malama ta jingina da bango ta sulale har ƙasa. Na tsuguna. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Baba, na sake ka. Jeka ka yi. Ban yarda da shi ba, ba zan yarda ba, amma ba zan iya jin kukan Mama ta bango har ƙarshen rayuwata ba."

Na cire agogo, na cire takalmi, na sa rigar. Na wanke hannu har gwiwar hannu. Ban goge ba. Nas ta gani, ta kalli hannun, ta kalle ni, ta juya tana duba wata na'ura da ba ta bukatar dubawa.

Na zura hannu ta tagar. Hular Tela ce a kanta, na ɗan ture ta baya. Goshin bai fi faɗin yatsuna biyu ba. Ruwa ya taru a kan ɗan yatsana yana shirin ɗiga. Kalmomin na san su, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe su.

Sai na ga in na faɗa, na sa hannu ke nan cewa ɗana yana waje, jikan Tela yana waje, kuma abin da ya raba su da ita shi ne wannan ɗigon na famfon da robarsa ta cinye. In akwai Allah, ban yarda haka yake ba. In kuwa haka yake, ban san me na tsaya gaban jama'a ina karantawa ba. In babu shi, to ruwa ne kawai, kuma zai sa mata sanyi.

Na janye hannun na goge a jikin rigar. Na mayar mata da hular. Na kama tafin ƙafarta na riƙe, na ce, "Ke, malalaciya, ki shaƙa." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Mama tana benci, a wurin da Tela yake zama. Ta miƙe. "Ka yi?"

"Ta sake ni. Ban yi ba."

Ta daɗe tana kallona kamar baƙo. Ta koma ta zauna.

Alhamis, da safe

An ajiye mini abinci a rufe. Ba magana. In yarinyar nan ta tafi yau, na san ba jika kaɗai na rasa ba.

Juma'a, da rana

Babu canji. Na zo da sabuwar roba da sifana a aljihu, na roƙi nas. Ta ce in yi sauri kafin babbarsu ta zagayo. Famfon ya daina ɗiga. A kwalba ba abin da ya sauya.

Asabar, da yamma

Mama ta yi magana. Cewa ta yi in kai ta wurin shingen.

Ciyawa ta rufe wurin, sai da na laluba na sami dutsen da na kafa. Na cire ciyawar da hannu. Ta tsaya, ba ta durƙusa ba, ba ta ciro carbi ba. Can ta ce, "In yaron Fadan nan gaskiya ya faɗa, duk shekarun nan kukan me nake yi?"

Na ce ban sani ba.

"In kuma tsohon ne mai gaskiya, ka san abin da ka yi."

Na ce na sani.

"Kai da karatun naka, ba ka san wanne ba ne?"

"Ban sani ba, Mama."

A hanyar dawowa ta riƙe hannun rigata wurin tsallake titi. Ko don motoci ne.

Litinin, da hantsi

Cikin ya ɗan saɓe. Likita bai ba mu kujera ba.

Laraba, da rana

An mayar mata da nono, kaɗan kaɗan. Bai dawo ba.

Juma'a, da la'asar

Sun cire bututun baki. Ta yi kuka. Muryar kamar ta ɗan kyanwa, amma kuka ne, na ji shi da kunnena. Nas ta ce, "Baba, ga shi nan kun jawo wa kanku, daga yau ba barci."

Mama ta ce Allah ya ji kukanmu. Malama ta ce maganin da suka canza ne ya kama cutar, kuma da a zamanin kakanninmu ne, da duk addu'ar duniya ba ta tsayar da ita ba. Dukansu suka juyo suna kallona. Na ce ni dai na ji ta yi kuka. Ina tuna Tela, sai in kasa cewa an amsa mini. Me na fi shi?

Talata, da rana

An kwance mini maɓallan riga aka kwantar da ita a ƙirjina, fata da fata, aka lulluɓe mu. Ta kama gashin ƙirjina ta ja. Na ce da nas yarinyar nan ba ta da kunya. Ta ce gado ta yi.

Katikis ya tambaya ko maƙogwaron ya warke. Na ce zan zo, amma a baya zan zauna tukuna. Bai tambayi dalili ba, ni ma ba ni da wanda zan iya faɗa a tsaye.

Asabar, da hantsi

Tana gida. 'Yar Gaggawa tana gidana, a ɗakin da uwarta ta girma. Mijin Malama yana hanya, sai kira yake yana cewa a kanga masa waya a bakinta ya ji numfashi.

Na kira Tela tun muna asibiti. Ya zo cikin kayansa masu kyau ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin jarirai. Malama ta fito da ita, hularsa a kanta, fuska a buɗe. Ya leƙa ya daɗe. Ya ce, "To, madalla. An fito da ɗaya." Ya yi mata addu'a irin tasa, Malama ta tsaya har ya gama, ba ta motsa ba. Na ce ya biyo mu gida, ya ce sai ya je ya ɗauko matarsa, ita ma tana so ta gani.

Da muka iso aka rasa mai yi mata wanka. Malama tana tsoro. Ta ɗauke ta ta miƙa wa Mama. Na haɗa ruwan da kaina, na gwada ɗuminsa da gwiwar hannu. Mama ta tallabe ƙeyar, ta ɗebo ruwa a tafin hannu ta kai goshin. Na juya ina gyara labule. Malama kuma ta sunkuya tana neman tawul ɗin da ke kan kafaɗarta. Ban kalli bakin Mama ba, Malama ma ba ta kalla ba, kuma ba wanda zai tambaya. Abin da na ji kawai shi ne yarinyar ta tsala kuka, Mama tana dariya tana ce mata mai bakin tsiya. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta.

Tambayoyin suna nan inda suke, ko ɗaya ban amsa ba. Na ajiye su a bakin ƙofa tare da takalma.

Na gaya wa mai shago ya faɗa wa duk layin. Na aika wa Fada, na aika wa katikis, na aika wa nas in ta tashi daga aiki, har malamin ajin yamma na sa a nemo mini shi. Mai carbi irin nawa, mai irin na Tela, da wanda ba ya riƙe kowanne, ƙofa a buɗe take. Sharaɗi ɗaya ne, akwai famfo a tsakar gida, ni na haɗa shi, ba ya ɗiga. Kowa ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya goge, ya shigo a hankali. Ku zo ku gan ta. Tana shaƙa da kanta, ba mai tuna mata.